Kundin gyaran shago: ƙoƙarin dawo da kwastomomin da suka daina zuwa

3 ga Fabrairu

Yau Kawu ya damƙa min makullan shago. Ido ya fara ba shi matsala ga kuma gwiwa, ya ce zai riƙa zuwa yana zama a benci amma ragama tana hannuna. Shagon na kayan gyaran gida ne, ƙwan wuta, batir, kwaɗo, ƙusa, fenti, kan famfo, wayar wuta, irin kayan da mutum ba ya tunawa da su sai sun lalace masa. Garin ƙarami ne, masu sai da irin kayan nan ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, amma abin da ya daɗe yana damuna shi ne mutane sun gwammace su shiga mota su tafi babban gari saboda kwaɗo guda ɗaya. Kuma wallahi ban ga laifinsu ba, don ni ma kafin yau kwastoma ne, na san yadda ake shiga shago mai shago yana danna waya ko ɗago kai ba zai yi ba, ka tambayi abu ya ce maka babu tun kafin ka rufe baki, ko ka sayi abu ka je gida ya ƙi aiki ka dawo a ce maka ai kaya in ya fita ya fita. Na ba kaina wata biyu in ga ko zan iya canza wannan a namu shagon. Zan riƙa rubuta komai a nan, har wanda bai yi daɗi ba.

6 ga Fabrairu

Kwana uku muna ƙirga kaya ni da yaron shago, mun rufe da wuri kullum, ke nan mun yi asarar cinikin yamma uku. Abin da muka tono a sito ya tayar min da hankali. Gwangwanayen fenti goma sha ɗaya sun daskare, kwalin batir guda ya yi ruwa ya fito da farin gari a baki, ga gam ɗin fayif da ya bushe ƙamas. Dalilin ɗaya ne, in sabon kaya ya zo sai a jibga shi a gaba, tsohon ya yi ta komawa baya har ya mutu. Daga yau wanda ya fara shigowa shi zai fara fita, kuma duk kwalin da ya sauka sai an rubuta masa kwanan wata da alƙalamin maka. Kayan da muka fitar sun kai kusan kashi 4 cikin 100 na jarin da ke shagon. Kawu ya so a rage kuɗin batiran a sayar, na roƙe shi ya bari, don batir mai yoyo in ya shiga rimot ko tocila cinye ƙarfen ciki yake yi, mai tocilar kuma ba zai manta inda ya saya ba.

8 ga Fabrairu

Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi na rubuta "BABU" a kai. Duk wanda ya nemi abu ba mu da shi, sai a rubuta abin da ranar, in ya yarda da lambar wayarsa. Kuma na hana a ce babu daga zaune, sai an tashi an duba kanta tukuna. Yau kaɗai layi bakwai, biyu daga ciki ma muna da su, suna can ƙasan kwali ba wanda ya sani.

10 ga Fabrairu

Shara, goge kanta, canza ƙwan bakin ƙofa. Ciniki kamar kullum.

13 ga Fabrairu

Mun ɗan sami saɓani da Kawu kan manna farashi a jikin kaya. Shi a ganinsa in ka rubuta farashi ka ɗaure kanka, kuma maƙwabta za su leƙo su gani su rage nasu. Na ce masa, Kawu, a garin da kowa ya san kowa ba a ɓoye farashi, mutum biyu za su haɗu a hanya ɗaya ya ce nawa ka sayi naka, in suka ji bambanci wanda aka tsauwala wa ya tafi ke nan kuma ba zai zo ya faɗa mana ba. Ba sabon abu ba ne ma, tun ƙarni na 19 wani ɗan kasuwa a Filadelfiya ta Amurka, John Wanamaker, ya yi suna da abu biyu, farashi ɗaya rubuce ga kowa, da kuma yarda a dawo da kaya a karɓi kuɗi. Kawu ya yi shiru can ya ce, to ɗana, gwada a kanta ɗaya mu gani. Mun fara da kantar ƙwan wuta da batir. Abin da aka kashe bai taka kara ya karya ba, sitika ne da maka, aikin ne dai ya ci mana yini.

17 ga Fabrairu

Wata dattijuwa ta dawo da ƙwan wuta da ta saya jiya, ta naɗo shi a leda ta ɗora a kanta a hankali kamar mai jin kunya, ta ce ɗana ya ƙi shiga. Na duba, mai murɗawa aka ba ta, gidanta kuma mai fil biyu ne. Laifinmu ne, ba wanda ya tambaye ta. Ƙwai iri biyu ne suka fi yawo, E27 mai murɗawa da B22 mai fil, lambar kuma faɗin gindin ce a milimita. Na canza mata, na ce Mama wane ɗaki za a sa, ta ce inda take ɗinki da daddare. Sai na ɗauko mata mai farin haske, wanda aka rubuta 6500K, maimakon mai ja-ja na 2700K, na kunna mata duka biyun ta gani da idonta. Ta daɗe tana kallon farin tana juya tafin hannunta a ƙarƙashinsa, ta ce wannan zan ga ramin allura.

Wannan ya sa da yamma na sa mai gyaran wuta ya haɗa min allon gwaji a gefen kanta, mazaunin ƙwai biyu, mai murɗawa da mai fil, da soket ɗaya. Ya ci kwatankwacin ribar yini guda. Ba ƙwan da zai sake fita ba a kunna shi a gaban mai shi ba. Na kuma zaunar da yaro na nuna masa cewa a ƙwan LED ba wat ake kallo don a san haske ba, lumen ake kallo, tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da wajen lumen 800, LED kuma da wat 8 zuwa 10 yake ba da hakan. Yawancin masu cewa ƙwanmu ba haske ashe ƙaramin lumen ake miƙa musu don shi ya fi araha.

20 ga Fabrairu

Littafin babu ya cika shafi uku. Abin da ya fi maimaituwa: zaren naɗe bakin famfo, mahaɗin fayif na rabin inci, da batirin agogon hannu. Na sa su a odar wannan satin. An ƙara manna farashi a kanta ta biyu, Kawu bai ce komai ba.

24 ga Fabrairu

Yau na yi kuskure babba kuma raina bai daina ɓaci ba. Tun satin da ya wuce na kawo littafin rasit mai kwafi, na ce ko ƙusa aka saya a rubuta, don in mutum ya dawo da kaya a san ranar da ya saya. Na lura yaron ya sauya fuska tun ranar amma ban tambaye shi ba. Da rana wani ya sayi kwaɗo biyu, yaro ya miƙa masa ba rasit, ni kuma na ɗaga murya a gaban mutumin na ce sau nawa zan faɗa maka. Kwastoman kansa sai da ya ji nauyi ya ce a'a ku bar shi ba komai, ya fita da sauri. Bayan an rufe yaron ya ajiye min makullin sito ya ce, Yaya, shekara huɗu ina shagon nan ko allura ba ta taɓa ɓata ba, in zargina ake yi gara a faɗa min. Ya tafi.

Na zauna ina tunani, gaskiya zarginsa ba daga sama ya faɗo ba. Injin ajiye kuɗin kanti ma asalinsa ke nan, James Ritty na garin Dayton ya yi masa rajista a 1879 saboda yana zargin ma'aikatansa na ɗibar ciniki. Duk wanda ke tsaye bayan kanta in aka kawo masa sabon tsarin rubuta kuɗi ba bayani, abin da zai fara zuwa ransa ke nan. Ni ina ta maganar a mutunta kwastoma, na kasa mutunta wanda zai tarbi kwastoman. Kuma shi ya san mutanen nan fiye da ni, ya san wane magini ne ke son ƙusa inci uku ba sai ya faɗa ba.

25 ga Fabrairu

Ni kaɗai a shago. Mutum uku sun gaji da jira sun tafi ina can ina neman girman wasa, wato zoben ƙarfen da ake sa wa noti, a sito. Ban rubuta rasit ko ɗaya daidai ba saboda sauri, sai yanzu na gane wahalar da na ɗora masa.

27 ga Fabrairu

Na je har gida na ba shi haƙuri, Kawu ma ya sa baki. Ya dawo. Mun daidaita, rasit sai ga kayan da za a iya dawowa da su, kayan wuta, kwaɗo, kan famfo, fenti, ƙananan abubuwa kuma a layi ɗaya a littafin ciniki. Shawararsa ce kuma ta fi tawa. Na yi masa alkawari gyara duk iri sai bayan kwastoma ya fita.

3 ga Maris

Wannan ita ce rana mafi muni tun da na fara. Da safe wani tela ya shigo riƙe da ekstenshan da ya saya wurinmu kwana tara da suka wuce, robar wajen filogi ta narke ta yi baƙi, warin ƙuna har yanzu yana jiki. Dutsen guga ya jona, ya ce Allah ne ya sa yana kusa ya ji wari ya zare, ga yadudduka jibge a gefe. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ci min rai ke nan, cewa kawai ya yi na kawo ne ku gani kar wani ya saya.

Na yanka wayar a gabansa na kankare silin da wuƙa, jan ya tafi fari ya fito. Alminiyom ne aka shafa masa tagulla a sama. Alminiyom yana ɗaukar wuta kusan kashi 61 cikin 100 ne na abin da tagulla mai kauri ɗaya take ɗauka, ga silin kuma siriri, shi ya sa in aka ɗora masa kaya mai nauyi sai ya ɗau zafi. Dutsen guga mai wat 2000 a wutar bolt 230 yana jan kusan amp 9, wannan wayar ba ta da ƙarfin haka ko kusa, duk da abin da aka buga a kwalinta. Da na ɗaga ta na gwada da tsohuwa mai kyau da ke bayan kanta ma nauyin ya isa ya gaya min, tagulla ta ninka alminiyom nauyi fiye da sau uku. Ni na yi odar nan da kaina, dila ya ce min sabon kaya ne mai sauƙi, na ga riba na karɓi dozin biyu ban yanka ko ɗaya ba.

Na mayar wa telan kuɗinsa na ba shi mai kyau a kai. Sannan muka buɗe littafin rasit, guda tara suka fita. Bakwai muna da suna ko waya, biyu kuma an sayar a ranakun da nake ni kaɗai ban rubuta ba. Kawu ya ce in bi a hankali kar in tayar da ƙura a ce shagonmu na sai da jabu. Na ce Kawu ƙurar da za ta tashi in ɗakin wani ya kama ta fi wannan. Ya jinjina kai ya ce je ka.

6 ga Maris

An karɓo bakwai, har da na telan. Na rubuta sanarwa da babban rubutu na manna a ƙofa, duk wanda ya sayi ekstenshan fari mai soket huɗu daga 20 ga Fabrairu ya daina amfani da shi ya kawo a canza masa. Ɗaya ya zo ta dalilin takardar. Saura ɗaya, kuma shi ke hana ni barci. Dilan ya ƙi karɓar sauran, ya ce shi ma haka ya saya. Na yanke hulɗa da shi a kayan wuta. Na sassare sauran goma sha biyar don kar wani ya tsinta ya sayar.

10 ga Maris

Lissafin wata. Asarar ekstenshan da canjin da aka yi wa mutane ta cinye ribar kusan kwana shida. In aka haɗa da kayan da muka zubar a farko da allon gwaji da littattafai, watan Fabrairu dai ba riba, jari ma ya ɗan taɓu. A nan na gano wani abu da ya daɗe yana cin shagon, Kawu yana ɗora kashi 25 a kan abin da ya saya yana ɗauka ribarsa kashi 25 ce ta ciniki. Ba haka ba ne, in ka saya a 100 ka sayar a 125, ribar 25 ce cikin 125, wato kashi 20 na kuɗin da ya shigo, kuma a cikin wannan 20 ɗin za a biya haya da wuta da albashi da duk kayan da aka dawo da su. To in ana so a riƙa karɓar kayan da aka dawo da su ba tare da fuska ta canza ba dole a ware musu wani abu tun farko. Na fara cire kashi 2 na cinikin kowace rana ina ajiyewa daban don haka.

12 ga Maris

Wani ya kawo kan famfo da ya sha amfani har ya yi tsatsa ya ce a canza, ba rasit, kuma ba irin namu ba ne. Na ƙi, da lalama, na nuna masa irin wanda muke da shi. Ya fita yana ƙunƙuni. Na rubuta ƙa'ida a allo, kwana bakwai, da rasit, in kuma kayan ne ke da aibu ko bayan haka a kawo mu duba.

15 ga Maris

Na ji a rediyo yau ce ranar haƙƙin masu sayen kaya ta duniya. Asalinta jawabin da shugaban Amurka John Kennedy ya aika wa majalisar ƙasarsa ranar 15 ga Maris 1962, inda ya ambaci haƙƙoƙi huɗu, kariya daga kaya mai cutarwa, samun bayani na gaskiya, zaɓi, da kuma a saurari mutum. Na farkon na ɗanɗana shi a farkon watan nan. Na ƙarshen ne ya tsaya min, don a ƙaramin gari mutane ba sa kawo ƙara, kunya ba za ta bari ba, gobe za ku haɗu a hanya, ɗansa da ɗanka aji ɗaya suke. Sai dai kawai ka daina ganinsa.

Akwai wani kafinta da a da kullum yana shagon, yanzu ya fi shekara bai leƙo ba. Na rufe da wuri na same shi a wurin aikinsa, bayan mun gaisa na ce Malam don Allah me muka yi maka. Ya yi ta kaucewa yana cewa ba komai, yana goge katako, sai da na zauna na ƙi tashi sannan ya ce sau uku ana ce masa fatar ƙofa za ta zo jibi, shi kuma ya ɗauki alkawarin ya kai wa mai aiki, sau uku yana jin kunya. Ya ce da an ce min babu kuma ba a san ranar zuwanta ba da na nemi hanya tun wuri. Ba tsada ba ce ta kore shi, ba kuma rashin fara'a ba, jibin nan ce da ake faɗa don kawai mutum ya tafi da daɗin rai. Na tabbata rabin waɗanda ke shiga mota zuwa babban gari irin wannan jibin ce ta tura su.

19 ga Maris

An ƙara shafi a littafin babu: ranar da muka ce kaya zai zo, da ranar da ya zo. Ba a faɗin rana sai na kira dila ya tabbatar. Kafintan ya aiko yaronsa ya sayi ƙusa.

24 ga Maris

Ga shi tun ba a je ko'ina ba an gwada ni. Na yi wa wani mai gyaran famfo alkawarin mahaɗin fayif na inci ɗaya yau, motar kaya ta lalace a hanya. Tun ƙarfe takwas na kira shi na faɗa masa, na kuma ce ya duba shagon da ke ƙasan layi na ga suna da shi. Yaro ya zaro ido ya ce Yaya kwastoma za ka tura wa wani. Na ce aikinsa ne zai tsaya, mu kuma ba mu da shi. Da la'asar mutumin ya dawo ya sayi gam da zaren famfo a wurinmu, ya ce ya samu, an gama aikin.

27 ga Maris

Ekstenshan na ƙarshe ya dawo, alhamdulillahi. Wata yarinya ce ta kawo, ta ce babanta ya ga takardar ƙofa, caja kawai suke jonawa shi ya sa bai taɓa zafi ba. Na cire sanarwar.

31 ga Maris

Wata biyun da na ɗiba sun kusa cika. Cinikin Maris ya ɗan ɗara na Fabrairu amma ba zan ce saboda gyaran ba ne tukuna, wata ɗaya bai isa a gane ba. Abin da na iya ƙirgawa shi ne alkawura goma sha huɗu a littafi, sha biyu sun cika a ranarsu, biyun kuma an kira masu su kafin su taso. Farashi yana manne a kanta huɗu cikin shida, Kawu da kansa ya rubuta na kwaɗo jiya.

Abin da ke gaba a Afrilu: littafin bashi, wanda har yanzu ban taɓa ba don na san nan ne rigimar take, akwai sunayen da suka shekara biyu a ciki kuma wasunsu sun daina zuwa ne don kunyar bashin ba don wani abu ba. Ina so in nemo dila na biyu a kayan wuta, kuma duk sabuwar waya sai an yanka ɗaya an kankare kafin a sauke kwali. Sai maganar lokacin buɗewa, magina da masu gyara suna so su sayi kaya kafin su wuce aiki mu kuma sai takwas da rabi muke ɗaga ƙofa, za mu gwada bakwai na sati biyu, ni zan riƙa buɗewa yaro ya zo a lokacinsa. Benci na biyu ma ana buƙata don masu jira, na riga na yi wa kafintan magana, ya ce ranar 9 zai kawo.